An ƙwace tablet ɗin asibitinmu a hanya, an kira Kawuna

Salam jama'a, Admin ɓoye sunana don Allah. Yanzu na aje waya da Kawuna, ku taimaka mani da shawara.

Ni mace ce, cikin garin Sakkwato nike aiki da wani ƙaramin kamfani, mu munka yi manhajar da wasu ƙananan asibitoci na yankin Sabon Birni da Isa ke rubuta bayanan marasa lafiya. Kowane asibiti da tablet ɗinshi. Kun dai san can sabis sai a hankali, wani wuri sai da layin Nijar, don haka munka tsara ta yi aiki ko babu sabis, in an samu sai ta tura komi zuwa babbar kwamfutarmu ta ofis. Kuma da yake mutane na gudun hijira, yau mace ta yi awon ciki Kurawa, wata mai zuwa ka ganta Unguwar Lalle, sai munka sa kowace tablet ta ɗauki bayanan duk asibitocin, duk inda mutum ya faɗa a ga jininshi da maganin da yake sha. Wallahi ya yi amfani, akwai matan da abin ya cece su wurin haihuwa.

To satin da ya wuce wani ma'aikacin lafiya ya ɗauko tablet bisa mashin za shi inda ke da sabis, ranar kasuwar Bafarawa ce, mutanen daji sunka tare hanya. Shi Allah ya kuɓutar da shi, ya faɗa gonar dawa, amma mashin da jaka sun tahi. Da nit tambaye shi lambar sirri fa, sai ya ce ai rubuce take a bayan tablet ɗin an liƙe da salatif, don su da yawa ke amfani da ita, masu canjin aiki na mantawa.

Ba bayanan cutar mutane ne ke hana ni barci ba. Akwai wani gurbi cikin manhajar, wanda za a kira in abu ya taso, ana sa sunanshi da lamba da gari da sana'a. Mu nan birni mun ɗauka miji ko uba za a sa. Ashe mutanenmu ba haka suke yi ba, in anka tambayi mace wa za a kira, sai ta ba da sunan mai hali na dangi, wanda in an ce a kai ta Sakkwato zai iya ɗaukar mota. Na buɗe na duba, duk 'yan kasuwar yankin ne jere, masu kai kaya Nijar, masu shanu, kowa da garinshi, ga kuma sunan matar ko yaron da ya rataya gare shi.

Na je wurin Oga na ce mu sanar da mutane. Ya yi dariya, wai ke ɗiyar boko kin cika tsoro, waɗannan da ko sunansu ba su iya karantawa mi za su yi da tablet, sai dai su kalli fim. Da nin nace sai ya canza fuska, ya ce in magana ta fita aikin ya mutu, kuma babu mace guda da za ta sake taka asibiti ta faɗi sunanta, a koma haihuwa gida ana mutuwa, in ɗauki alhakin. Ya ce mun tura umarnin goge komi, da ta samu sabis shi ke nan. Har yau ba ta samu ba, ko kuma an cire layin.

Sai ga kiran Kawu ɗazu, ƙanen mahaifiyata ne, ɗan kasuwa. Yana dariya ma, wai ɗiyata mutanen asibitinku akwai kirki, an kira ni ana tambayar jikin matata Gwaggonki, har an san ranar da za ta koma awo, an ce ko ni za ni kawo ta da kaina, ta wace hanya muke bi. Jama'a babu wanda ke kiran dangin marasa lafiya cikin tsarinmu, babu. Na ce Kawu kada ku je, ya ce don mi, sai na ce likita ba ya nan.

Kawu za ni gaya mashi gaskiya yau, wanga ba shawara. Sauran mutanen ne. In na bi lambobin ina kira, kun san akwai masu kai rahoto daji cikin kowane gari, za a san daga bakin wa ta fito, kuma mahaifiyata na can ƙauye, kowa ya san ɗiyarta ce mai aikin kwamfutar asibiti. In na kai wa hukuma ban san kunnen da za ta faɗa ba. In na yi shiru kuma aka ɗauke wani bisa hanyar awo, ban san yadda za ni tsaya gaban Allah ba.

Ku da kunka san yankin, ta wace hanya za ni gargaɗi mutanen nan ba tare da na jawo wa uwata bala'i ba?