Rasuwar Gwaggo Tela, da Jinin da Ake Jira Ranar Litinin

Cikin alhini da sallamawa ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, Ƙungiyar Masu Ba da Jini Mai Wuyar Samu ta sami labarin rasuwar uwa a gare ta, kuma ta farko a rajistarta, wadda kowa ya sani da Gwaggo Tela, a safiyar Talata bayan gajeriyar jinya.

Marigayiyar ta zo mana ne ta hanya mai ɗaci. Jarirai biyu ta binne, kowanne bai cika mako ba, idanu da fata sun yi rawaya, aka ce shawara ce, za ta wuce. Sai a ciki na uku likitoci suka gano cewa jininta irin wanda ba kasafai ake samu ba ne, kuma jikinta na fitar da sinadaran kariya da ke ratsa mahaifa su lalata jinin ɗan da take ɗauke da shi. Da jininta, bayan an tace shi, aka ceci wannan ɗa, wanda yau yake karɓar gaisuwa.

Shekara ashirin da biyu ba a taɓa kiranta ta ce sai gobe ba. Takan bar keken ɗinki ta taho, zare manne a zaninta, ta miƙa hannun hagu, don a cewarta na dama na masu kaya ne. Jarirai goma sha ɗaya suka rayu da jininta.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, ɗanta da ɗaukacin dangi. Allah Ya jiƙanta, Ya ba su juriyar wannan babban rashi.

Ba ɗabi'armu ba ce haɗa ta'aziyya da roƙo, amma dole ta sa. Akwai wata malamar makaranta mai irin jinin marigayiya, cikinta wata takwas, kuma awo ya nuna jinin ɗanta yana raguwa. Malamar ba ta da halin ba da nata yanzu, kuma jinin Gwaggo ne kaɗai muka san ya dace da ɗan. Irin wannan jini an fi samunsa tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya, don haka muna roƙon ƙannen marigayiya uku, waɗanda ta yi shekaru tana fama da su suna kawo uzurin tsoron allura, su zo a gwada su.

Sunan Gwaggo na nan a jadawalin ba da jini na Litinin, ƙarfe tara na safe. Ba mu goge shi ba.

Sa hannu:
Kakakin Ƙungiya,
a madadin Shugaba da Majalisar Amintattu