Rabin Hotonki da Ya Rage a Hannuna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Allah ya haskaka makwancinki, ina rubuto miki daga Landan, shekara goma sha ɗaya da rasuwarki. Na san wasiƙa ba ta zuwa inda kike. Amma akwai laifin da na yi miki na daɗe ina ɓoyewa, kuma na ga ba zan samu sakewa ba sai na faɗe shi a bainar jama'a.

Jikarki Safiyya, wadda kika bari tana rarrafe, yanzu ta kai sha biyu, ga surutu kamar rediyo. A makaranta aka ba su aikin tarihi a kan yadda matan ƙasar nan suka fara sa wando a farkon ƙarnin da ya wuce. Ta baje hotuna a teburin cin abinci, na matan da suka shiga masana'antu da gonaki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da maza suka tafi fagen fama. Dogon siket yana maƙalewa a inji, sai suka koma wando, mutane kuwa suka bi su da kallo da tsegumi. Ta tambaye ni ko a danginmu an taɓa yin irinsu.

Inna, na ce mata babu.

Na faɗi haka alhali ina tune da ranar da zaninki ya shiga sarƙar keke, a hanyarki ta zuwa karɓar haihuwa a ƙauye. Kika dawo gwiwa duk jini, matar kuma ta haihu ba ki isa ba, jaririn bai zo da rai ba. Washegari kika ɗauki tsohon wandon Baba kika kai wa tela ya rage miki. Daga ranar ba ki sake hawa keke da zani ba. Doguwar riga, mayafi, da wando. Masu magana suka yi ta yi, ke kuwa abin da kike cewa ɗaya ne: "Naƙuda ba ta jiran in gyara zani."

Ni ce ban iya ɗauka ba. A makarantar allo da ta boko sunana ya koma 'yar mai wando. In na hango ki tafe a kan keke muna tare da ƙawaye, sai in sunkuya kamar ina cire ƙaya.

Da zan tafi makarantar kwana na so in tafi da hotonki, kuma guda ɗaya kike da shi, wanda aka ɗauke ki a ƙofar ɗakin shan magani kina riƙe da keken. Na ɗauko almakashi na datse shi daidai ƙugu, na jefa rabin ƙasan a murhu. Kina shirya mini akwati kika gan shi. Kika daɗe kina dubawa. Na jira faɗa, ko mari ma, da na fi son hakan. Sai kika ce: "Yankan ya miƙe kuwa. Da hannunki za ki ci abinci." Kika naɗe shi a ɗankwali kika sa mini a ƙarƙashin sabulu. Har kika bar duniya ba ki sake tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba.

Bakinki ya kama ni. Tiyata nake yi a wani asibiti a unguwar Whitechapel, kuma kullum da koren wando nake shiga ɗakin aiki. Ba wanda ya taɓa ɗaga ido ya kalle ni a kansa. Abin da kika sha zagi a kai, ni ana ce mini likita a cikinsa.

Hoton yana nan a falo. Safiyya ta sauko da shi don ta gwada shi da na Turawan, ta tambaye ni ina sauran kakarta. Na ce gara ce ta ci. Ta juya shi, ta ce da Turancinta ita ba ta taɓa jin ƙwaron da ke ci da rula ba. Kunya ta rufe ni, Inna. Ina da furfura a kaina, amma na sake datse ki a gaban jikarki.

Kwana biyu ina fama da abin a raina. Ranar Asabar da hantsi na zaunar da ita na faɗa mata komai, da keken, da jaririn, da almakashin. Launin wandon kawai ta tambaya, na ce ruwan ƙasa ne, da faci a gwiwar hagu, kuma kikan ɗaure ƙafarsa da roba saboda sarƙa. Duk ta rubuta. Sannan ta tambaye ni ko na taɓa ba ki haƙuri. Na ce a'a.

To ga shi yau ina bayarwa, a makare. Ki yafe mini, Innata.

Allah ya jiƙan ki, ya sa kowane jaririn da kika karɓa da hannunki ya zama shaida a gare ki, ya sada mu a Aljanna in faɗa miki da bakina.

Taki har kullum,
Binta, 'yar mai wando.