Shuɗin tamfol ɗin da aka gani daga sama

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin, ina roƙon a sakaya sunana. Na daɗe a wannan guruf ina karanta matsalolin mutane ban taɓa cewa uffan ba, yau ga ni da tawa, don Allah ku ba ni shawara.

Ƙarfe uku da minti goma na yammacin wata Talata abin ya fara, na riƙe lokacin ne saboda ina duba agogo in ga ko zan gama babin da nake karantawa kafin la'asar. Ina saman benenmu a unguwar Nuzla, sai iska ta taso, ruwa ya kece irin wanda mutanen Jidda suka sani, wanda ba ya sallama. Kafin a kira salla iska ta yage tamfol ɗin da nake zama a ƙarƙashinsa, ruwa ya taru a rufin har idon sawu, siminti ya tsage daga kusurwa, ya zuba cikin sito.

Bari in yi muku bayanin gidan. Iyayena Hausawan Sudan ne, ni a nan aka haife ni, ina shekarar ƙarshe a kwaleji. Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama. Baba yana kula da shagon atamfa da shadda na kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a hukumance, shagon yana ƙasa, mu muna zaune a bayansa, sito yana hawa na sama, sai rufi. Iƙamar Baba, wato takardar izinin zama, da tawa da ta ƙannena biyu duk a hannun wannan kafili suke. Kayan da kafilin ya tara don lokacin aikin hajji suna cikin siton nan, kusan duka suka jiƙe, launi ya zuba a kan juna.

Da farko hankalin kowa a kwance yake tunda kafili ya yi wa ginin da kayan inshora. Ma'aikacin kamfanin ya zo ya duba sito, ya ɗauki hotuna, ya leƙa rufin daga bakin matakala ya sauka. Bayan wasu makonni suka aiko cewa ba za su biya ba. Wai suna da hotunan unguwar da ake ɗauka daga sama lokaci lokaci, kuma a hoton da aka ɗauka watanni kafin ruwan an ga shuɗin tamfol a shimfiɗe daidai kusurwar da ta tsage, an danne gefensa da bulo. A wurinsu wannan shaida ce cewa rufin ya daɗe yana yoyo, mun sani, muka rufe shi da tamfol muka ɓoye musu. Na ga hoton a wayar Baba. Wallahi in da ban san gidanmu ba ni ma haka zan ce. Daga sama ba a ganin tsayi, rumfa da faci duk ɗaya ne.

Alhali rumfa ce. An ɗaura ta daga ɗakin tankin ruwa zuwa katanga, bulon kuwa a kan katanga yake don kada iska ta ɗage ta. Kuma ba don ni aka yi ta ba, don wata tsohuwa aka yi, zan kira ta Goggo. Daga wajen Katsina ta zo umara da mijinta tun ba a haife ni ba, suka zauna, ya rasu a nan, ba ta da takarda ko ɗaya. Da aka rushe gidan da take haya Baba ya tausaya mata, ya ce ta riƙa kwana a ɗakin tanki. Da rana tana zama a rumfar tana yanka kuɓewa tana shanyawa, ta daka yaji, matan unguwa su aiko a saya musu. Ranar da ma'aikacin inshora ya zo, a gidan maƙota ta wuni.

Ni ba mai magana ba ce. A kwaleji ina shiga aji in fita ba wanda ya lura, ƙannena Larabci suke yi da juna da wayoyinsu, Baba kuma sai bayan isha'i yake shigowa a gajiye. Hausar da kuke karantawa yanzu a bakin Goggo na koye ta sosai. Ina hawa da littafina, in na gaji da na makaranta in karanta mata na Hausa a waya, tana yanka tana gyara mini. Takan ce, "Ke 'yar nan, wa ya ce miki ana magana haka? Kin haɗiye rabin kalmar kamar Balarabiya, sake faɗa." Wani lokaci mu yi awa guda kowa na harkarsa. Duk duniya nan ne kaɗai ba na jin na takura wa kowa.

Kafili ya zo gidan da kansa bayan amsar kamfanin. Ina ɗaki ina jin su. Ya ce shi bai ba da izinin a kafa komai a rufinsa ba, Baba ne ya jawo masa, in kamfani bai biya ba to halas, shi ke nan, ba zai sabunta iƙama ba, mu nemi inda za mu. Baba ya yi ta rantsuwa cewa rufin lafiyarsa lau, rumfar shan iska ce ta yara. Bai ambaci Goggo ba ko sau ɗaya. Kafili ya ce kamfani ba ya cin rantsuwa, hujja suke so. Ya ɗaukaka ƙara, 'yan kamfanin suka ce ƙofa ɗaya ta rage, a kawo hoto ko bidiyo da ke nuna ƙasan tamfol ɗin kafin ruwan, na asali, da kwanan watansa a cikin fayil, ba wanda aka yanke ko aka taɓa ba. Baba ya bi ƙannena da maƙota, ba mai shi. Ni bai tambaye ni ba, bai san ina ɗaukar hoto ba.

Ina da su. Ina da ɗabi'ar ɗaukar hoton inda na tsaya a karatu, kuma ba na goge komai, duk suna jere wata bayan wata. Na zauna na bi su ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda shafin littafi ya cika ba su da amfani. Waɗanda simintin kusurwar ya fito sarai, sumul ba tsaga, rumfa tana sama da igiyoyinta, duk Goggo tana ciki, domin a kusurwar take zama. A wasu tana dariya, a wasu tana kare fuska da faifai tana cewa in bari. Bayanta ga katifarta a jingine, ga risho, ga buhun kayanta. Duk wanda ya kalla ya san mutum ne yake zaune a wurin.

Na karanta takardar inshorar daga farko har ƙarshe. In na ba su za su aiko mai bincike ya tabbatar, kuma abin da za su fara tambaya shi ne wace ce wannan, ina iƙamarta. Ban san ko kamfani yana kai irin wannan magana jawazat, hukumar shige da fice, ba, amma kafili zai gani, shi kuwa ba zai ɗauki tarar ɓoye mutum a gininsa ba. Ƙarshenta tarhil, a kama ta a mayar da ita gida. Goggo ta haura saba'in, ƙafarta ɗaya tana kumbura, waɗanda ta sani a gida ta ce duk sun riga ta gidan gaskiya. Shi ma Baba ban san ko zai tsira daga laifin ajiye ta ba, amma in kamfani ya biya ina ganin kafili zai rufa masa asiri tunda shi ya san kan shagon. In kuma na yi shiru, mu huɗu ne za mu tafi ƙasar da ake yaƙi, wadda ban taɓa takawa ba, Goggo ma ta rasa ɗakin tankin.

Na daɗe ina ɗauke da abin nan ni kaɗai. Baba ya rame, yana zama da abinci a gabansa har ya huce. Sau da yawa na tsaya a ƙofarsa da wayar a hannuna in kasa shiga, domin na san halinsa, zai ce in goge su, amana ce, ya ɗauki abin a kansa. In na faɗa masa na rufe ƙofar ke nan. In na aika ba da saninsa ba na ci amanar su biyun.

Jiya da hantsi na hau sama. Babu rumfa yanzu, Goggo ta raɓe a inuwar tanki tana tsince barkono. Ban yi niyyar faɗa mata ba, amma ta dube ni ta ce, "Wannan fuskar ba ta jarrabawa ba ce, zauna." Na faɗa mata komai, na nuna mata hoton kamfani, ta kasa gane gidan sai da na sa yatsa a kan shuɗin. Sannan na nuna mata nawa. Ta daɗe tana kallo.

Abin da nake so ku faɗa mini, 'yan uwa, musamman waɗanda suka san doka a ƙasar nan, shin akwai hanyar da za a karɓi hotunan ba tare da an taɓa ta ba? In babu, ya halatta in karɓi izinin da mutum ya bayar don kawai yana jin nauyin alherin da aka yi masa? In faɗa wa Baba ko kada in faɗa? Domin ita ta riga ta ba ni tata amsar, ni ce na kasa ɗauka. Miƙo mini wayar ta yi, ta koma kan barkononta, ta ce:

"Shekara da shekaru ina ɓuya wa mutanen ƙasa, ashe ta sama ake leƙena. Ki ba su, 'yar nan, uban naki ya ɗauke ni iya ɗauka. Amma ki zaɓi wanda nake dariya, kuma ki wanko mini guda in tafi da shi. Ban da wani hoto da ke a ciki, amma wannan na san ke ce a bayansa."