Da Sauƙi, In Ji Baba Direba

Litinin, 3 ga Maris

Yau Mai Jadawali ta tara mu. Wata uku ke nan da aka kawo ta shugabancin sashenmu, har yanzu ba ta san inda ake ajiye makullin banɗaki ba, amma wai ta san yadda ake auna ɗan Adam. Ta ce an umarci kowace cibiyar tallafi ta zaɓi ma'auni ɗaya kafin ƙarshen wata, wanda zai nuna ko mutanen da muke kula da su suna ci gaba. Wanda ya ci gaba a rufe fayil ɗinsa, a ɗauki wani daga masu jira.

Takardu biyu ta ajiye mana. Ɗaya hoton tsani ne mai matakala goma, mutum ya nuna inda yake jin ya kai. Ɗayar kuma tambayoyi goma sha biyu, duk na ƙirge: sau nawa ka fita daga gida a makon nan, sau nawa ka ci abinci jiya, mutum nawa kuka yi magana da su.

Na ce mata shekara goma sha bakwai ina aikin nan, ma'aunina idona ne da littafina. Ta ce, "Anti, littafinki ai ke kaɗai kike iya karanta shi." Dogo, da muke teburi ɗaya da shi, har da ƙyalƙyala dariya. Zai zo neman aron biro, ina nan.

Talata, 4 ga Maris

Na je wurin Baba Direba kamar kullum, Talatar farkon wata, ƙarfe goma. Yana kan bencinsa a ƙofar gida, riga a goge, hula a kai, sandunansa biyu a jingine da bango. Shekara biyu ke nan da aka yanke masa ƙafa bayan hatsarin mota, matarsa kuma ta rasu yana asibiti. A ɗakin bayan gidan ɗan ƙanensa yake zaune. Na ce Baba yaya jiki, ya ce da sauƙi 'yata. Har zolayata ya yi a kan takalmina da ya ci gefe ɗaya.

Sunansa na fara sawa cikin waɗanda za a sallama. In aka rufe, ba ziyara, ba motar da ke kai shi gashin ƙafa, amma ai ba ya bukata yanzu. Mutumin da na tarar tun farko a kwance ya juya wa duniya baya, ga shi yau a waje yana raha. Wace takarda ce ta yi wannan aikin? Ni na yi.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta ce a gwada takardun biyu a kan mutum biyar-biyar. An maida mu 'yan makaranta.

Laraba, 12 ga Maris

Tsanin ya faɗi ƙasa warwas, kuma wallahi na ji daɗi. Mutum biyar, ba wanda ya nuna ƙasa da takwas. Wata mata da aka kora daga gidan haya da 'ya'ya huɗu, tana share hawaye da gefen mayafi ta ɗora yatsa a kan tara. Na ce Iya tara fa? Ta ce, "To in nuna biyu in yi wa Allah butulci?"

Na kai wa Mai Jadawali takardun na shimfiɗa mata a kan teburi ɗaya bayan ɗaya. Na ce ga shi nan, kowa ya warke, sai mu kulle ofis mu tafi gida. Na ce mutanenmu ko suna bakin mutuwa ka gaishe su, da sauƙi za su ce maka, wanda ya zana tsanin nan bai taɓa zuwa dubiya ba. Na so ta musa. Ba ta musa ba, ta ce gaskiyata, a ajiye tsanin. Mutum ya shirya faɗa tun daga gida a hana shi, abin da ciwo.

Saura mai ƙirgen. Ta ce gobe za ta bi ni mu gwada ta a kan wanda na fi amincewa ya samu lafiya. Na ce Baba Direba. Bari ta je ta gani da idonta.

Alhamis, 13 ga Maris

Ba na son rubuta na yau.

Benci ba kowa. Matar gidan ta ce yana ciki, ta nuna mana lungun da hannu ta koma wankinta. Na yi sallama sau uku. Ɗakin duhu, taga a rufe da kwali, wari kamar an kwana biyu ba a buɗe ƙofa ba. Yana kwance da singileti, kwanon abinci a ƙasa ba a taɓa ba. Sandunan suna can saman kwaba, inda mai ƙafa ɗaya ba zai iya miƙawa ba. Rigar nan da na sani tana rataye a ƙusa cikin leda.

Ya ɗago ya dube ni, ya ce, "'Yata, ai yau ba Talata ba ce."

Mai Jadawali ta miƙo mini takardar ta koma bakin ƙofa. Ni na yi tambayoyin. Sau nawa ka fita a makon nan? Babu. Makon jiya? Ranar da kika zo. Motar gashi fa? Yana ce wa direban ya wuce, ba ya jin daɗi, wata huɗu ke nan. Mutum nawa kuka yi hira da su? Ya lissafa, sai ya ce ke.

Na ce Baba me ya sa ba ka faɗa mini ba. Ya ce, "Kin ce yaya jiki, na ce da sauƙi. Kuma na ga kina murna."

A mota titi kawai ta yi ta kallo. Da ta yi mini gori da na samu abin riƙewa.

Juma'a, 14 ga Maris

Ba ta da hurumin sa ni zuwa gidan mutum ba sanarwa. Tsoho ne, an tarar da shi ba riga. Wannan cin fuska ne, kuma zan faɗa a taro. Shi ma ɗan ƙanen nasa, yana gida ɗaya da mutum. Shi ma direban motar gashi, wata huɗu bakinsa na ciwo ne?

Asabar, 15 ga Maris

Na ɗauko littafina don in nemo inda Baba ya ɓoye mini. Ziyara ashirin da uku. Na ja layi a ƙarƙashin "yana samun sauƙi" sau goma sha tara, da rubutun hannuna. Robar ƙasan sandunan nan sabuwa fil take tun bara, a gabana ake jingine su kowane wata.

Maigida ya ce me ya same ni na ƙona girki. Na ce ya ci ko ya bari.

Laraba, 19 ga Maris

Taron zaɓe. Na ce takardar ƙirgen ba ta da ladabi, tana yi wa dattijo tambaya kamar ɗan sanda. Na ce tambaya ta bakwai shirme ce, ta tara kuma maimaici. Na ce takarda ba ta jin warin ɗaki. Duk ta rubuta. Da aka zo ɗaga hannun amincewa da takardar, Dogo ya zuba mini ido yana jiran kallo. Na ɗaga, amma ban kai shi sama ba.

Sharaɗina ɗaya, kada a riƙa zuwa a rana ɗaya kowane wata. Ta ce a sa a ƙa'ida. Maganar cin fuskar ban samu wurin sa ta ba.

Na zare sunan Baba daga jerin sallama kafin a tashi. Ba wanda ya tambaye ni dalili, ita ma ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Litinin, 24 ga Maris

Takardar banza, siririya, biro na huda ta. Layukan sun yi ƙanana. Har yanzu ina nan a kan bakana, yarinyar ba ta san aiki ba, sa'a ta yi.

Na je wurin Baba da azahar. Na sauko da sandunan na ce a bakin gado za su riƙa kwana. Na cire kwalin taga, ya yi ta mita. Sau nawa ka fita a makon nan? Ya ce jiya ya je bakin titi ya ga motoci, wani yaron mota ya ja birki kamar mai jin haushin taya, ya kusa yi masa magana. Na ce sau nawa dai. Ya ce sau ɗaya mana, kin cika tambaya yanzu.

Na dawo ofis muka yi kiciɓis da ita a matakala. Ta ce, "Anti, yaya Baba?" Bakina ya riga ya fara, "Da sau..." sai na haɗiye.

Na ce mata, "Ɗaya."