Tun da Jakar Rowena Ta Rage Nauyi

Zuwa ga Anti Blanche,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da rubutuna. Sai da na haye shekara arba'in sannan na iya haɗa baƙi da baƙi, bayan an rufe masana'antar kifi ta garinmu aka buɗe mana ajin manya a zauren coci. Har yau in zan yi rubutu sai na goge tebur na wanke hannu, kamar mai shirin kwaɓa burodi. Wannan takardar ma ba ita ce ta fari ba, 'yan'uwanta suna cikin murhu.

'Ya ɗaya Allah ya ba ni, Rowena. Tana zaune a birnin St. John's, tana aiki wajen wani likitan haƙori, amma ranta yana ga ɗaukar hoto. Ba hoton biki ko na mutane take ɗauka ba. Teku take bi, da gaɓa, da hazo, da tsaunukan ƙanƙara da ke gangaro mana ta kan teku daga arewa wajen watan Mayu. Masu buga kalanda suna saye. Ɗakinta na birni ɗan ƙarami ne, don haka duk kayan hotonta a wajena suke zama, a ɗakin da marigayi babanta yake rataye komar kamun kifi. Kaya ne na gaske, Anti: jakunkuna biyu manya, gilasan kyamara wasu tsawonsu ya kai damtsen mutum, da wani abin ɗora kyamara na ƙarfe mai ƙafafu uku, wanda muke ce wa Ƙafa-uku. Mutum ɗaya ba ya iya hawa tudu da su.

To ni ce ta biyun. Da an ce ƙanƙara ta iso, sai ta zo ran Juma'a ta kwana, mu fita da sassafe. Ita jakunkuna, ni Ƙafa-uku a kafaɗa. Wadda ta yi shekaru tana ɗaga kwandon kifi, me ƙarfe zai yi mata? Sanyi yana kashe batir, don haka a ƙirjina nake ɓoye su cikin riga. In nata ya mutu sai ta juyo ta ce, "Mama, kaza ta yi ƙwai?" sai in zaro mata ɗaya da ɗuminsa. In iska ta taso kuma, in tsaya ta gefen da take busowa in baza kwat ɗina don kada kyamara ta girgiza. Takan ce Allah bai ba ni faɗi a banza ba.

Amma yawancin aikin jira ne. A kafa kaya, a zauna a kan dutse ana jiran haske ya gyaru. Nan za mu buɗe filas ɗin shayi, mu ci burodi da maɗi. Rowena ba mai magana ba ce, halin babanta ta ɗauko. A waya ba ta wuce lafiya lau, aiki da godiya. Sai a kan dutsen nan, idonta na kan teku ba a kaina ba, take buɗe ciki. A nan na ji labarin mutumin da ta so ta aura, a nan kuma na ji sun rabu. Duk abin da na sani game da 'yata tun da ta girma, a bakin gaɓa na ji shi, muna jiran gajimare ya matsa.

Bara, wajen ƙarshen shekara, na zame a kan dutse da Ƙafa-uku a kafaɗa. Ba wani abin a zo a gani ba ne, gwiwa ce ta kumbura, na ɗan yi ɗingishi. Rowena dai ba ta ce uffan ba har muka iso gida. Na ambata ne kawai don kin sha cewa a faɗa miki komai.

Da ƙanƙara ta dawo bana, sai ga ta da wata 'yar jaka da ba ta fi curin burodi ba. Ta zazzage a kan teburin kicin: kyamara ɗaya ƙarama, gilashi ɗaya tal a bakinta, batir biyu, ƙyallen goge gilashi, da 'yar leda ta ruwan sama. Ta ɗauko sikelin da nake auna fulawa tana ɗora su ɗaya bayan ɗaya tana murna. Har mariƙin buroshin haƙorinta ta yanke don rage nauyi. Ta ce kafaɗarta ta gaji, ta ce sabuwar kyamarar ba ta buƙatar a ɗora ta a kan komai, kuma yanzu ƙa'idarta ita ce duk abin da ta yi 'yan tafiye-tafiye ba ta taɓa shi ba, a gida zai zauna. Ni kuwa ina tsaye ina jin maganar kamar da ni ake. Na miƙa mata burodin da na gasa don hanya, ta ɗora shi a sikeli ta yi dariya, wai ya fi kyamarar nauyi. Ta miƙo mini kyamarar ta ce in riƙe in ji, na ce hannuna da gari, kuma ni ban saba da kayan wasan yara ba. Ta ce, "Kujerar gaba a mota fa tana nan, Mama, ba wanda ya cire ta." Na ce, "In zo in riƙe me?" Ta mayar da kyamarar cikin jaka. Na ce ai dama gwiwata ba ta so. Da safe ta tafi ita kaɗai, na tsaya a taga.

Tun daga nan ta riƙa sayar da tsoffin kayan kaɗan-kaɗan. Da 'yar jakar nan jirgi take hawa, yau yankin Labrador, gobe wani wuri da sai na nemo shi a taswira. Zuwanta gida ya ja baya, tunda babu abin da za ta zo ɗauka. Abin da ya fi ci mini rai, a watan Yuli maƙwabciyata Effie ta nuna mini wani sabon hoto da Rowena ta ɗauka a wayarta, ta ce ashe Rowena ta zo shi ne ko a leƙo ta. Na duba, wani tsirin dutse ne da muka sha hawa tare, ba nisa da nan. Na ce e, ta zo a gurguje. Ƙarya na yi. Ban san ta zo ba.

Barci ma ya ƙi mini daɗi. Kin san gaɓarmu, kin san yadda hazo yake rufe mutum kafin ya juya. Da, in ta matsa bakin rami ina riƙe da bayan rigarta. Yanzu in ta zame, wa zai sani?

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Wata ranar Lahadi bayan coci na saɓa Ƙafa-uku na hau tudun bayan gari, na kafa ta, na daidaita ƙafafun yadda na ga tana yi. Babu kyamara a kai. Na zauna gefe na sha shayina. Da na sauko Effie tana shanya, ta ce, "Ke kuma, saurayi kika yi? Ai ko gara wannan, ba ya shan giya, ba ya musu." Na yi dariya tare da ita, na shiga gida na kasa cin abinci.

Yanzu Ƙafa-uku kaɗai ta rage a ɗakin koma. Rowena ta bugo ta ce ta samu mai saye, wani malamin makaranta daga garin Gander, zai zo ƙarshen wata ya ɗauka, in ba shi kawai. Ita ba ma sai ta zo ba. In ƙarfen nan ya fita, babu sauran abin da zai kawo ta gidan nan sai Kirsimeti, a cika ɗaki da mutane, ba a zauna a kan dutse ba. Na yi tunanin in ce mata tsatsa ta cinye shi, alhali ni nake shafa masa mai. Na yi tunanin in ba ƙanin Effie kuɗi ya saya da sunansa ya dawo mini da shi. Kayanta ne, na sani, ba ni da iko a kai. Ba na so in zama uwar da ke rataye a wuyan 'yarta. Amma Anti, gidan nan ya yi mini yawa. Me zan yi kafin mutumin nan ya zo?

Taki,
Mai Ɗaukar Ƙafa-uku

*

'Yar'uwa,

Da farko ki daina ba da haƙuri a kan rubutunki. Na karanta shi ban tsaya ko sau ɗaya ba, sai don in share ido.

Batun tsatsa da batun ƙanin Effie, ki ajiye su duka. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma ko ta yi, me za ki samu? Ƙarfe a ɗaki, wanda Rowena ba ta ƙara buƙata. Ai ko yanzu yana nan, bai kawo ta ba.

Bari in tsaya wa 'yarki kaɗan, tunda ba ta nan. Kin ce kin ambaci faɗuwarki ne kawai don cika labari. Ni a ganina nan labarin ya juya. Mace ta ga uwarta ta zame a bakin gaɓa ɗauke da kayanta, ta yi shiru har gida, da shekara ta kewayo ta zo da jakar da ba ta buƙatar kowa ya ɗauki komai. Ban shiga zuciyarta ba, kuma ciwon kafaɗarta ma dalili ne na gaske. Amma ina zaton ta tsorata, kuma irin mutanen da ba sa magana, da hannu suke ba da haƙuri. Sannan ki sake karanta abin da kika rubuto. Ta miƙo miki kyamara, kin ce hannunki da gari. Ta ce kujera tana nan, kin ce gwiwa. Ke kin tafi da cewa an sallame ki, ita kuma mai yiwuwa ta tafi da cewa kin gaji da bin ta, ko kina fushi. Wanda aka ƙi tayinsa sau biyu a zama ɗaya ba ya saurin yin na uku.

Wannan bai wanke ta ba. Ta zo kusa da gida ta wuce ba ko sallama, wannan ba daidai ba ne, zumunci a ƙafa yake. Aiko baƙo ya ɗauki abin da uwarta ta yi shekaru tana saɓawa, ba tare da ta tambaye ki ba, shi ma rashin lura ne. Kina da damar jin zafi, kina da damar faɗa mata.

Ga abin da nake so ki yi. Ki kira ta a makon nan. Kada ki fara da ƙarfe, kada ki fara da hoton wayar Effie. Ki ce mata kina kewar zaman nan na kan dutse, kuma ranar da ta ce kujera tana nan, kunya ce ta hana ki cewa to, don ba ki san yadda ake bin mutum hannu rabbana ba. Ki tambaye ta kai tsaye ko faɗuwarki ce ta tsorata ta. In maganar ta yi miki nauyi a baki, ki rubuta, kin nuna kin iya.

Sannan ki nemi abu ƙayyadadde, wanda za ta iya cewa e a kai: fita ɗaya ko biyu tare duk lokacin ƙanƙara, a wurin da mota take kaiwa kusa. Ki shirya jin cewa wasu tafiye-tafiyen ita kaɗai take son yi. Wannan haƙƙinta ne, kuma ba ƙi ba ne. Ke ma ki haɗa taki 'yar jakar irin tata: maganinki, filas, takalmi mai kama dutse, da sandar dogarawa a maimakon ƙarfen da ya kayar da ke. Ki kai gwiwar nan a duba, don kada ta ƙara zama abin fakewa gare ki ko abin tsoro gare ta. In ta sake miƙo kyamarar, ki goge hannu ki karɓa. Wadda ta koyi karatu bayan arba'in ba maɓalli ɗaya ne zai gagare ta ba.

Game da fargabarki, tana da tushe. Ki roƙe ta ta riƙa gaya wa wani, ke ko waninki, inda za ta da lokacin da za ta sauko. Akwai kuma wata 'yar na'ura da masu yawon daji suke ratayawa, tana aika saƙon neman agaji ko inda waya ba ta kamawa. Ba ta da nauyin da sikelinki zai yi ƙorafi.

Ita kuwa Ƙafa-uku, in bayan kun yi magana har yanzu ranki yana kanta, ki roƙa a fili, ki ce a bar miki. Zan yi mamaki in ta hana. In kuma kin ga za ki iya sakinta, ki ce wa Rowena ta zo da kanta ta miƙa wa malamin, ta kwana. Tudun bayan gari kuma, ran da kika ji hawa, ki ja Effie. Mai tsokanar nan ta lura da ke fiye da yadda kike zato.

Amma ki yi kiran kafin ƙarshen wata. In kika bari sai an ɗauke kayan sannan kika yi kuka, za ta ɗauka ƙarfe kike wa kuka, ta sayo miki wani. In kika faɗa yanzu, yana nan a ɗakinsa ba wanda ya taɓa shi, za ta gane ita kike nema.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya tsare Rowena a duk gaɓar da ta taka, ya haɗa ku a kujerar gaba da lafiya.

Anti Blanche