Allunan Bangon Ɗakin Inna

Ƙanena Habibu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman baƙunta? Ya Maryam da yara? Mu nan Kwali lafiya lau.

Kafintan da ka turo daga Jabi ya ƙona min rai. Allunan silin na cikin ɗaki ya kafa a bangon ɗakin Inna ta waje. Ruwan farko suka kumbura kamar burodi a shayi, danshi ya shiga, tarinta ya dawo. Da na yi masa magana, wai, "Hajiya, fenti zai riƙe." Na ce, "Oga, fenti laima ne?" Na tsaya a kansa har ya ɓamɓare su, ya sa na siminti.

Jiya an tafka ruwa, bangon ko gumi bai yi ba. Inna ta yi barci har da minshari.

Ka taya mu addu'a tarin ya tafi gaba ɗaya. Ka gaida mutanen gida.

Yayarka,
Binta