Jarkar Inna a Gaban Turawa

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a ƙasar sanyi. A nan intanet na rubuta, inda kowa zai karanta, tunda waya ta gagare ka ɗauka.

Ka tuna ranin da ka zo Bunkure da ƙananan kwalabe? Ka ɗebi ruwan kanal, ka ɗebi na rijiya, ka ɗebi na jarkar Inna. Jarkar maganin feshin tumatir ce, muka wanke da omo da toka muke zuba ruwan sha, kamar kowane gida, don murfinta na kamawa.

Ni na riƙe maka kwalaben. Ka ce a ɗakin gwajinku akwai ƙwayoyin halitta da aka dasa wa ƙyallin ƙwaron nan mai haske. Idan ruwa na ɗauke da abin da ke kwaikwayon istirojin, sinadarin da ke tafiyar da al'adar mace da ɗaukar cikinta, sai makarɓarsa da ke cikin ƙwayar ta farka, ƙwayar ta yi haske, na'ura ta auna. "Haske shi ne mugun labari, Rabi," ka ce.

Mugun labarin, a bidiyo na gan shi. Kana tsaye cikin kwat, bayanka hoton jarkarmu, har da jan ƙyallen da Inna ta ɗaura a hannun jarkar. Ruwanta ya fi kowane ruwa haske. Turawa suka tafa maka.

Sun ji, mu ba mu ji ba. Wallahi ka ba ni kunya.

Na san za ka ce hasken bai tabbatar ruwan ne ya jawo ɓarin da na yi bara ba. Na yarda. Amma "ku daina sha" ba ya buƙatar digiri.

Ina da ciki yanzu, Yaya. Na fasa jarkar gidana. Ta Inna kuwa ta hana a taɓa, kuma daga ciki take ba jikokinta. Kai da kake goya ni muna yara mu tsallake kanal don kada ƙafata ta jiƙe, ka kira ta, ka faɗa mata da Hausa.

Allah ya tsare ka, ya sauke ni lafiya, ya karkato da kai gida. Jiya ma na sake roƙon Inna, ta ce da akwai cuta a ciki, da Habibunta ya gaya mata.

Ƙanwarka,
Rabi